Mun Sayi Gida a Buruklin

Zuwa ga aminina Sabo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya Rabi da yara. Na san kana cike da ni, tun azumi ban neme ka ba. Ajiye fushin tukuna ka yi mini barka: mun sayi gida! Ranar Alhamis muka sa hannu a ofishin lauya aka miƙa mana makullai. Alhamdu lillahi.

A unguwar Bedford-Stuyvesant yake, nan Buruklin ta birnin Niyok, gefen gabas kusa da tashar jirgin ƙasa ta Ralph Avenue. Irin gidajen nan ne na jeri da bango ɗaya ke raba ka da maƙwabci, gini na fiye da shekara ɗari, da matakala a ƙofa inda ake zaman hira da yamma. Sashe biyu ne, mu a ƙasa da ɗan fili a baya, sama kuma na haya, kowa da kicin ɗinsa da mitarsa. Kuɗin kam ba zan rubuta ba. Na san halinka, nan take za ka buga shi da naira ka kai majalisar Malam Garba, kafin magariba an naɗa ni Ɗangote.

Kafin ka tambaya, ba mu ci bashin ruwa ba. Akwai tsarin da gwamnati ke tsaya wa mutum, ya ba da kashi 3.5 cikin ɗari kawai a matsayin kafin alƙalami, ko da gidan mai sashe huɗu ne, muddin shi ma a ciki zai zauna. Abokan aikina duk shi suka bi, amma Zainab ta ce ba da ita ba, tunda akwai ruwa a ciki. Sai muka bi ta musharaka: mu da kamfani muka mallaki gidan tare, kowane wata muna sayen wani abu daga rabonsu, muna kuma biyan kuɗin zama a kan abin da ya rage nasu. Adashinta da aikin daren da ta sha a asibiti duk can suka tafi.

Wanda ya sayar mana ɗan saye-da-gyara ne, ya shafe ko'ina da farin fenti, tayil sai ƙyalli. Da mai duba gini ya sauka ɗakin ƙasa, sai ga tsohuwar tukunyar ɗumama gida tana tsatsa, bututun da ya shigo da ruwa daga titi kuma na dalma. Da wannan lauyanmu ya sa aka rage mana kuɗi. Dole in canja tukunyar kafin sanyi, domin dokar Niyok ta ɗora wa mai gida ɗumama wa ɗan haya ɗaki daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu. Kai da ke ƙudundune da bargo biyu a hunturun Kano, me ka sani game da sanyi?

Abin da ya hana ni barci daban ne, Sabo. Maƙwabciyarmu wata dattijuwa ce, baƙar fatar Amurka, iyayenta daga Karolina suka yi ƙaura zuwa nan. Ranar da muka tare ta kawo mana burodin masara, ta zauna ta ba ni tarihin gidan. Iyali ɗaya ne suka tsufa a cikinsa. Da maigidan ya rasu, masu yawo da tsabar kuɗi suka zagaye magada suka saye da araha, suka gyara, farashi ya tashi. Ita ma kullum sai ta tsinci katinsu a ƙofa. Har da masu satar gida da takardun jabu, abin da ya yi ƙamari a Buruklin har jiha ta yi masa doka ta musamman. Ƙidayar 2020 ta nuna cikin shekara goma unguwar ta rasa baƙar fata wajen 22,000, Turawa kuma sun ƙaru da kusan 30,000. A layinmu ma kana gani, shagon aski ya koma na shan kofi.

To ga sashen sama babu kowa. Dillali ya faɗi kuɗin hayar da kasuwa za ta ɗauka, na kuma san ba wanda aka haifa a layin nan da zai iya biya. Akwai wani Bafulatanin Gini, direban tasi, da muke sallar Juma'a tare a masallacin At-Taqwa, kusurwar Fulton da Bedford. Shekarunsa da yawa a unguwar, yanzu mai gidansu ya sayar, an ce su tashi, ga 'ya'ya uku a makarantar kusa. Abin da zai iya biya bai kai na dillali ba, gibin kuma ba kaɗan ba ne, alhali da hayar nan muka yi lissafin biyan kamfani. Zainab ta ce a ba shi, Allah zai rufa asiri. Zuciyata na tare da ita, sai dai ga tukunya, ga haraji, ga inshora. Don Allah ka je wurin Malam na Ƙofar Mata ka karanta masa wannan, kai ma ka faɗa mini naka ra'ayin ba ɓoye-ɓoye. Na yi wa mutumin alƙawarin amsa kafin ƙarshen wata.

Kewar Bronx, wani ɓangaren Niyok, ce ke damun Zainab, can ta baro ƙawayenta Hausawan Kumasi da Akara, nan kuwa Fulatanci da yaren Sanagal sun fi yawa a kan Fulton. Ummi ta riga ta zaɓi inda za ta shuka yakuwa a bayan gida.

Wai da gaske ne Lawan zai ƙara aure? A bakin Hadiza na ji, ka san ta da ƙarin gishiri. Idan gaskiya ne, 'yar gidan wa? Kuma idan Alhaji Bala zai taso wata mai zuwa, ka haɗo shi da kuka da yaji da daddawa, ban da kilishi, don ƙwacewa ake yi a filin jirgi. Ka gaida Inna, ka ce ta sa mana albarka.

Naka,
Habu