Kafin a sayi jif da sunan tsare rai

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mu yi magana kan wani abu da ya zauna daram a zukatan masu sayen mota, wato cewa jif ta fi ƙaramar mota tsare rai, ko wace iri ce, ko shekararta nawa. Magidanci zai sayar da Corolla ko Camry mai ƙoshin lafiya ya ɗauko tsohuwar jif da ta haura shekara ashirin, ya ce don iyali ya saya. Niyyarsa mai kyau ce. Sai dai rabin maganar ne gaskiya, ɗaya rabin da ba a faɗa kuwa shi ne yake cin rayuka a manyan hanyoyi.

Inda jif take da gaskiya shi ne a taho-mu-gama. A ɗauka jif mai kilo 2,000 da ƙaramar mota mai kilo 1,000, kowacce tana gudun kilomita 60 a awa, suka haɗu gaba da gaba. Jif za ta tura ƙaramar baya da gudun kusan 20. Ke nan gudun jif ya sauya da 40, na ƙaramar kuwa ya sauya da 80 cikin ƙiftawar ido, kuma wannan sauyin ne ƙirji da wuyan wanda ke ciki suke ɗauka. Shi ya sa hukumar NHTSA ta Amurka, mai ba motoci taurari bayan gwaji, take cewa kada a kwatanta taurarin karon gaba sai tsakanin motocin da bambancin nauyinsu bai wuce kilo 113 ba. Wannan ba mu musa shi. Amma fa ribar ta tsaya ne a kan karo da motar da ba ta kai ta ba. In tirela ce ko tankar mai da ta ɗauko tan talatin, ko ginshiƙin gada, nauyin jif bai taka kara ya karya ba.

Matsalar jif tana cikin tsayinta. Injiniyoyi suna auna sauƙin wuntsilawar mota da lissafi ɗaya: faɗin da ke tsakanin tayar hagu da ta dama, a raba shi da ninki biyu na tsayin cibiyar nauyin motar daga ƙasa. Mota mai faɗin mita 1.55 wadda cibiyar nauyinta take santimita 55 daga ƙasa za ta ba da 1.41. Jif mai faɗi iri ɗaya, amma cibiyarta tana santimita 70, za ta ba da 1.11. Duk yadda lambar ta yi ƙasa, haka motar take saurin ɗaga ƙafa. Buhun hatsi da aka jingine a tsaye da wanda aka kwantar nauyinsu ɗaya, amma kowa ya san wanda ɗan turi kaɗan zai kayar. Kowane fasinja da aka ƙara, da kowace jaka da aka ɗaure a rufi, suna daɗa ɗaga cibiyar nan sama. Yawancin jif-jif kayan da aka yarda a ɗora musu a rufi bai wuce kilo 70 zuwa 100 ba, har da nauyin ƙarfen da aka kafa don ɗaure kayan, kuma yana rubuce a littafin motar. Buhun shinkafa biyu sun cike shi.

Ba kasafai mota take wuntsilawa haka kawai a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta ba. Sai tana zamewa a kaikaice, taya ta ci karo da wani abu da ya taɗe ta: bakin kwalta, rami, yashi mai laushi, ko gefen kwalbati. Ga yadda abin yake faruwa a hanyoyinmu. Direba yana gudun 120, ya kauce wa rami ko akuya, tayoyin dama suka sauka daga kwalta zuwa gefen da ruwan damina ya zaizaye, har bakin kwaltar ya zama tudu mai tsayin yatsa huɗu ko fiye. Sai ya firgita ya fizgo sitiyari hagu. Tayar gaba ta haye tudun da ƙarfi, motar ta tsallaka hannun wasu, ya sake fizgowa dama, bayan motar ya juyo, shi ke nan sai adungure. Ƙaramar mota sau da yawa juyawa za ta yi a tsaye ta faɗa daji. Jif kuwa tashi take yi. Abin da ya kamata shi ne a riƙe sitiyari da hannu biyu, a ɗaga ƙafa daga totur, kada a danne birki, a bar tayoyin biyu su ci gaba da tafiya a gefen har gudu ya sauko ƙasa sosai, sannan a duba madubi a hawo kwalta a hankali. Haka nan in taya ta fashe: babu birki, babu fizga, a miƙe da motar har ta rage gudu da kanta.

Batun taya muke so a fi kulawa da shi. A watan Agusta na 2000 kamfanin Firestone ya janye taya miliyan 6.5 a Amurka, bayan an gano fatar tayoyin tana ɓarewa a kan gudu, galibi a jikin jif ɗin Ford Explorer, kuma galibi a jihohi masu zafi. Mutum fiye da 200 suka mutu. Taya ta baya ta ɓare, direba ya taka birki ko ya juya sitiyari, doguwar mota ta kife. Zafin kwaltar Maiduguri ko Sakkwato a watan Afrilu bai gaza na can ba, mu kuma har tsofaffin tayoyin da wasu ƙasashe suka yar muke saye. A jikin kowace taya akwai rubutun da ya fara da DOT, ya ƙare da lamba huɗu. In an ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa, FRSC, tana gargaɗin kada a wuce shekara huɗu daga wannan ranar, ko da zanen tayar bai cinye ba, don roba tana bushewa daga ciki. Zanen kuma in zurfinsa ya sauko milimita 1.6, ta gama aiki.

Iskar da za a sa ba mai faci ne zai yanke ba, kuma ba lambar da ke jikin tayar ba ce, wannan iyakar abin da za ta iya ɗauka ne. Akwai takarda manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba, ita ce ta faɗi iskar gaba da ta baya, yawanci tsakanin 30 da 35 a geji. Da yawa ana ɗura wa jif 45 ko 50 wai don babbar mota ce, sai tsakiyar tayar kaɗai ya riƙa taɓa ƙasa, riƙon hanya ya ragu, motar ta riƙa tsalle a gargada. Ƙarancin iska ya fi muni, don gefen tayar yana ta lanƙwashewa yana ɗaukar zafi har ta ɓare. A auna da safe kafin a hau hanya. In an auna bayan doguwar tafiya aka ga ta ƙaru, kada a sace iskar, zafi ne ya ɗaga ta.

Abin da ya sauya labarin jif a duniya na'ura ce da ake kira ESC. Toyota da Lexus suna ce mata VSC, Honda VSA, Mercedes ESP. Tana karanta gudun kowace taya, da inda aka juya sitiyari, da inda motar take nufa a zahiri. In ta ga sun saɓa, sai ta kama birkin taya ɗaya ko fiye, ta rage ƙarfin inji, ta dawo da motar kan hanya kafin ta juya a kaikaice. NHTSA ta ƙiyasta cewa tana rage haɗarin da mota ke yi ita kaɗai da kashi 34 cikin ɗari a ƙananan motoci, da kashi 59 a jif. Amurka ta wajabta ta a kan duk motocin ƙirar 2012 zuwa sama, Tarayyar Turai kuma a kan duk sabuwar mota daga Nuwamba 2014. Wasu motocin suna da ita tun kafin lokacin, wasu da aka ƙera don wasu kasuwanni ba su da ita har bayan nan, don haka dubawa ake yi, ba zato ba. Ra'ayinmu a fili yake: ƙaramar mota ƙirar 2014 mai ESC da sabbin tayoyi ta fi tsohuwar jif marar ESC aminci a doguwar tafiya, nesa ba kusa ba.

Samun na'urar kuma daban, aikinta daban. In an murza makulli, fitilar ABS (na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki) da ta jakar iska (wadda ke kumbura ta tare mutum in an yi karo) da hoton mota mai zamewa, wato fitilar ESC, dole su kama a dashbod, su mutu bayan 'yan daƙiƙu. Wadda ta ƙi mutuwa tana nuna matsala. Wadda ba ta kama ba sam, a yi zargin an cire ƙwanta ko an liƙe ta da baƙin tef. Sau da yawa wayar da ke karanta gudun taya ce ake tsinkewa wajen canjin boris, kuma da zarar ABS ta tsaya, ESC ma ta tsaya. Haɗa tayoyi masu girma daban-daban yana rikita ta. Motocin da suka yi haɗari a waje aka gyara su a nan, wasu an rufe gurbin jakar iskarsu babu komai a ciki. A sa kwamfuta a duba, a kuma binciki tarihin motar da lambar shasinta mai harafi da lamba 17 kafin a biya kuɗi.

In mota ta wuntsila, wanda bai ɗaura bel ba ta taga yake fita, sau da yawa motar ta bi ta kansa. Alƙaluman NHTSA sun nuna bel yana rage mutuwar na kujerar gaba da kashi 45 a ƙaramar mota, da kashi 60 a jif da a-kori-kura. Wato mai jif ya fi kowa buƙatarsa, amma shi ne ya fi raina shi, musamman Alhaji da Hajiya da ke zaune a baya. Yara 'yan ƙasa da shekara 12 baya ne wurinsu, a ɗaure, ba a tsaye tsakanin kujeru ba, ba kuma a but ba.

Akwai kuma haƙƙin waɗanda suke waje, kuma wannan yana damunmu ƙwarai. Ƙaramar mota ƙafa take duka, mutum ya faɗo kan bonet. Jif ƙugu da ƙirji take duka, yaro kuwa a kai, ta kayar da shi gaba ta taka. Cibiyar IIHS ta Amurka, mai binciken haɗuran mota, ta gano a 2023 cewa motocin da tsayin bonet ɗinsu ya haura santimita 102 sun fi masu gajeren gaba mai gangare yiwuwar kashe mai tafiya a ƙasa da kusan kashi 45. A titunan da 'yan makaranta da masu talla da 'yan acaɓa da Keke Napep suke cuɗanya da motoci, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ƙarfen da ake waldawa a gaban jif yana ƙara ta'azzara dukan, yana hana gaban motar lotsewa yadda aka tsara don ya shanye ƙarfin karo, yana kuma iya rikita lokacin fitowar jakar iska. A cire shi. Kafin a tayar da jif a cikin gida ko lungu, a zagaya ta da ƙafa, don yaro ɗan shekara uku yana iya tsayawa dab da bamba direba bai gan shi ba.

Giyar ƙafa huɗu tana taimakawa wajen fita daga yashi da taɓo, amma ba ta ƙara wa birki komai. Ƙa'idar gudu ga motar gida a Najeriya 50 ce a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. Wanda ya tashi daga 80 zuwa 120 ya ninka ƙarfin da zai yi karo da shi sau biyu da kwata, kuma a jif, saboda tsayin kujera da laushin tafiya, 120 ji ake kamar 80. Muna roƙon jami'an FRSC da na duba lafiyar motoci su riƙa karanta lambar shekarar taya suna duba fitilun dashbod a shingayensu, kamar yadda suke duba takardu.

Mun gode da wannan fili. Allah Ya tsare mu a hanya, amin.

Wassalam,
Daga wasu masu gyaran mota da koyar da tuƙi, Kano.