Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Zamfaran Anka Kan Awon Dalma Da Kafa Iyaka A Garuruwan Masu Haƙar Zinari

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Zamfaran Anka,
Fadar Sarki, Anka, Jihar Zamfara.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya ja zamanin Sarki. Bayan gaisuwa da ban girma, mu talakawanka ne da suka haɗa da ma'aikatan lafiya, malaman kimiyya, masu haƙa da niƙa dutsen zinari, da iyayen yara. Mun kawo kukanmu fada ne saboda a watan Disamban 2024 Gwamnatin Tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai da ta sanya wa Zamfara tun 2019. Ba mu zo neman a hana kowa abincinsa ba. Roƙonmu shi ne masarauta ta tsaya a kafa iyakar dalma da lambobi, a ƙasa da ruwa da jinin yara, a san mai aunawa, a kuma san abin da za a yi ranar da awo ya haura iyakar.

Ranka ya daɗe, ba sai mun tuna maka abin da ya faru a 2010 ba, amma alƙalumansa su ne tushen lissafinmu. Yara akalla 400 suka rasu a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum sakamakon gubar dalmar da ke cikin dutsen zinarin da ake dakawa da niƙawa a cikin gari. Binciken gida-gida da aka yi a ƙauyukan Dareta da 'Yargalma ya nuna cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda, yawancinsu bayan jijjiga. Daga cikin waɗanda aka gwada jininsu, kashi 97 cikin ɗari sun kai matakin da ake ba da maganin fitar da guba. An sami wuraren da dalmar ƙasa ta haura miligiram 100,000 a kilo ɗaya, wato kashi ɗaya cikin goma na ƙasar dalma ce. Bagega ba ta sami kwashe gurɓatacciyar ƙasarta ba sai 2013. A 2015 irin wannan ta auku a yankin Shikira na ƙaramar hukumar Rafi a Jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Masana ba sa tsintar iyaka da ka. Sai sun fara tabbatar da irin illar da abin yake yi. Sannan su gano adadin da ke jawo illar, su auna nawa ne ke shiga jikin mutum a rana da kuma ta wace hanya, daga nan su haɗa lissafin su yanke. Ga yawancin sinadarai, akan nemo adadi mafi girma da bai yi wa dabbar gwaji illa ba, a raba shi gida 10 saboda bambancin dabba da mutum, a sake raba shi gida 10 saboda bambancin ƙaƙƙarfa da mai rauni a cikin mutane. Abin da ya fito shi ne adadin da mutum zai iya ɗauka kullum. Wannan dabara ba ta aiki a kan dalma, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba a san wani adadinta a jini da ba ya cutarwa ba. Da can kwamitin masana na wannan hukuma da Hukumar Abinci da Aikin Gona ya yarda da maikurogiram 25 ga kowane kilo na nauyin jiki a mako, amma a 2010 ya janye shi, don an gano ko a wannan adadin basirar yaro tana raguwa. Saboda haka kowace lamba da za mu kawo a nan alamar a tashi a yi aiki ce. Kada wani ya ɗauke ta shaidar cewa abin da ke ƙasa da ita lafiya lau ne.

Ga lissafin a kan yaro mai kilo 10, kamar ɗan shekara ɗaya zuwa biyu. Maikurogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Bisa tsohuwar iyakar da aka janye, rabonsa maikurogiram 250 ne a mako, kusan 36 ke nan a rana. A lissafin da ake yi a Amurka, akan ɗauka yaro yana haɗiyar ƙasa da ƙura miligiram 100 zuwa 200 a rana, gwargwadon ɗan gishirin da ake tsinta da yatsu biyu. Idan tsakar gida tana da dalma miligiram 400 a kilo, miligiram 200 na ƙasarta suna ɗauke da maikurogiram 80, fiye da ninki biyu na iyakar da aka ce ma ba ta wadatar ba. Idan tana da 10,000, yaron yana haɗiyar maikurogiram 2,000 a rana. Ruwan da ke daidai iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya, maikurogiram 10 a lita, zai ba shi 10 ne kawai in ya sha lita guda. Duk wanda ya duba wannan zai ga inda cutar take. Haƙa sabuwar rijiya alheri ne, amma ba zai ceci yaron da ke rarrafe a wurin da aka daka dutse ba.

Kuma lambobin Amurka sun yi mana sassauci. An lissafa su ne ga yaron da ke zaune a ɗaki mai daɓen siminti ko katako. Namu yana wasa a ƙasa, yana ci da hannu, hunturu yana kaɗo masa ƙura watanni, don haka abin da yake haɗiya ya fi haka. Hanjin ƙaramin yaro yana tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba ke tsotsa, kuma tsotsar tana ƙaruwa in cikinsa babu komai ko yana da ƙarancin sinadarin ƙarfe da na ƙashi a jiki. Masana duwatsu da suka binciki dutsen yankin nan sun tarar da yawan dalmarsa ta rikiɗe zuwa nau'in da ke saurin narkewa a ruwan ciki, niƙa kuma yana mai da ita gari. Ita kanta hukumar kare muhalli ta Amurka, wadda ta daɗe a kan miligiram 400 a kilo ga ƙasar gidajen zama, ta sauko da matakin bincike zuwa 200 a Janairun 2024.

A kan haka, roƙonmu na farko shi ne Mai Martaba ya nemi ma'aikatun lafiya da na muhalli na jiha su amince da matakai a rubuce, a karanta wa iyayen ƙasa da dagatai da masu unguwanni. Shawararmu: ƙasar da dalmarta ta haura miligiram 1,000 a kilo a kankare samanta kamar santimita 5, a sake aunawa, a ci gaba da kankarewa har awo ya sauka, sannan a zuba tsabtatacciyar ƙasa a daɓe. Wadda take tsakanin 400 da 1,000 a rufe ta da ƙasa mai tsabta. Wurin wasan yara, tsakar gida da filin makarantar allo da ta boko, a nufi ƙasa da 200. Ƙasar da aka kwashe a binne ta a rami mai nisa da rijiyoyi da magudanar ruwa, a yi masa alama. Kada a bari a kwaɓa tubali da ita ko a kai ta gona a matsayin taki, domin dalma ba ta ruɓewa, gidan da aka gina da ita zai riƙa zubar da ƙurarta shekara da shekaru.

Roƙo na biyu a kan yadda ake awon ne, don a nan ake yawan samun kuskuren da ke sa a ce gari lafiya alhali ba haka ba. Na'urar XRF ta hannu, wadda ake auna dalmar ƙasa da ita, tana ba da sakamako cikin kamar minti ɗaya, amma jiƙaƙƙiyar ƙasa tana sa ta nuna ƙasa da gaskiya, don haka awon damina sai an busar da samfur. A ɗebi saman ƙasa kawai, santimita 1 zuwa 2, domin haƙawa da zurfi yana gauraya gurɓatacciya da mai kyau. A tankaɗe samfur, tunda lallausan gari ne ke manne wa hannun yaro, kuma shi ya fi ɗaukar dalma. Kowane gida a auna wurare daban-daban: bakin turmi, ƙofar ɗaki, wurin girki, inda ake ajiye buhuna, da sharar cikin ɗakin kwana. Kada a haɗa sakamakon gari gaba ɗaya a fitar da matsakaici. Gida tara masu 100 da gida ɗaya mai 3,000 za su ba da matsakaicin 390, a rubuta cewa gari bai kai 400 ba, a bar yaran gida na goma cikin guba. Tunda matsalar tsaro tana hana baƙi shiga wasu ƙauyuka, a koya wa 'yan gari ɗibar samfur a leda mai lamba, a kawo Anka a auna.

Na uku, gwajin jini. A yi wa duk yaro ɗan ƙasa da shekara biyar da mata masu ciki a garuruwan da ake aikin dutse, akalla sau ɗaya a shekara, da kuma duk yaron da ya zo asibiti da jijjiga, ko da gwajin zazzaɓin cizon sauro ya nuna akwai. A 2010 tunanin farko ya tafi kan zazzaɓi da sanƙarau, yara ba su ji magani ba, sannan aka gano dalma ce. Mata masu ciki sun shiga lissafi ne domin dalma tana taruwa a ƙashi tsawon shekaru, ciki yana fito da ita cikin jini, ta ratsa mahaifa zuwa ga jariri. Jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2021 ta ce daga maikurogiram 5 a desilita na jini, wato kashi ɗaya cikin goma na lita, a nemo tushen gubar a raba yaro da shi. Daga 45 ake maganar maganin fitar da guba irin su DMSA, a hannun likita. Kafin a soki yatsa sai an wanke hannun yaro da sabulu sosai, in ba haka ba ƙurar fata za a auna, kuma duk sakamako mai yawa a tabbatar da shi da jinin jijiya. Ƙaramar na'urar gwajin dalmar jini mai suna LeadCare II ba ta karanta sama da 65, saboda haka yaro mai 70 da mai 300 iri ɗaya za ta nuna su sai an sirka jinin an sake. Babban abin lura: ba wa yaro magani a mai da shi gidan da ba a gyara ba aikin banza ne. Gyaran gida ake fara yi.

Na huɗu yana hannun masarauta kai tsaye, ba ya jiran kasafin kuɗi. A ware wa kowane gari filin sarrafa dutse a bayan gari, nesa da rijiya da tafkin da dabbobi ke sha, ta ɓangaren da iskar hunturu ba za ta kaɗo ƙurarsa cikin gari ba. Kada dutse, ko garinsa, ko buhunsa ya shiga gida. Injin da ya niƙa dutse kada ya niƙa hatsi, turmin da ya daka dutse kada ya koma ga gero, buhun da ya ɗauki dutse kada a zuba masa dawa ko a shimfiɗa shi a yi shanya. Binciken da aka yi kan abincin waɗannan garuruwa ya nuna yawan dalmar hatsi a wurin sussuka da daka da shanya take shiga, ba daga gona ba. A yi niƙa da ruwa maimakon busasshe. Mai aiki ya sami kayan aiki daban da yake bari a fili, ya yi wanka kafin ya shiga gida ya ɗauki ɗansa. Yara da mata masu goyo kada su shiga filin, ko da talla ce. Ƙona zaiba don fitar da zinari shi ma a fili za a yi, da tukunyar da ke kama tururi, domin huhu yana tsotse kusan kashi 80 cikin ɗari na tururin da aka shaƙa.

A ganinmu, hani kawai ba tare da ware fili ba shi ne mafi haɗari. Mutum ba zai bar abin da yake ci da iyalinsa ba, zai ja shi cikin gida ne inda ba mai gani, a daka da dare kusa da yara. Shi ya sa muke roƙon shugabannin masu haƙa su zauna cikin kwamitin da zai kula da filin, tare da dagaci da liman da ma'aikacin lafiya da wakiliyar mata.

Akwai kuma batun kwalli. Wanda ake yi da baƙin dutse mai ƙyalli dalma ce mafi yawansa. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri da aka riƙa sa wa irinsa daga Najeriya, aka auna kwallin aka tarar kashi 82.6 cikin ɗari dalma ce. Jariri yana murza ido ya kai hannu baki. Muna roƙon a sa ungozomomi da limamai su faɗakar, a kuma haɗa kwallin kasuwa cikin abin da za a auna.

Daga ƙarshe, muna roƙon sakamakon kowane awo ya zo fada a rubuce, gari-gari, a ajiye kwafi a hannun dagaci, a gaya wa kowane maigida lambar gidansa da ta 'ya'yansa a keɓe, ba tare da an tallata sunan kowa ba. Gidan da aka gyara a sake auna shi bayan shekara, domin buhu ɗaya na garin dutse ya isa ya ɓata aikin duka. A shirye muke mu zo gaban Mai Martaba da cikakken lissafin duk ranar da aka ba mu dama.

Allah ya taimaki Sarki, ya ƙara masa lafiya da nasara.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Wakilan ma'aikatan lafiya, malaman kimiyya, masu haƙa da niƙa dutse, da iyayen yara na ƙasar Anka.