Ƙauye ba situdiyon ɗaukar hoto ba ne

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ɗan sammin fili a shafin wasiƙu in yi magana kan wannan yayi da ake yi yanzu na fita ƙauye yawon buɗe ido. Ni ban ga laifin abun ba, ina ma cikin masu yi, duk wanda hayaƙin mota da hayaniyar birni suka ishe shi ai yana da haƙƙin ya fita ya sha iska ya ga dutse ya ga rafi ya ji kukan tsuntsu. Yadda ake yin tafiyar ne dai yake damuna.

Ga yadda ake yi. Mota ta sauke mutane da hantsi, kowa waya a sama, ba sallama ba tambaya, sai a zarce wurin nan guda ɗaya da aka gani a Instagram ko TikTok, a yi layi, wannan ya tsaya a ɗauke shi ya kauce wancan ya tsaya, a buɗe kula a ci abun da aka taho da shi daga gida, a bar leda da robar ruwa a gindin bishiya, kafin la'asar an kama hanya. To ka tambayi kanka me mutanen ƙauyen suka samu a wannan zuwan, banda ƙura da shara da motar da aka faka a bakin gonar wani ta tare masa hanya.

Kuma kada a ce wai mutanen wata ƙasa ne kawai ke haka, ko'ina ne. Akwai wani ƙauye a Ostiriya, Hallstatt, yana bakin tafki a gindin duwatsu, mazaunansa ba su kai 800 ba amma idan kakar baƙi ta yi sai mutum kusan 10,000 su shigo a rana guda. Garin nan yana da mahaƙar gishiri da ake haƙa tun shekaru dubbai, UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 1997, amma yawancin masu zuwa ba gishirin ya kawo su ba, hoto ɗaya suke so na coci da tafki. A 2023 har katangar katako aka kafa a daidai wurin da ake tsayawa ɗaukar hoton don a rage taro, daga baya aka cire, sannan a watan Agusta na shekarar mutanen garin suka fito suka tare hanyar shiga ta cikin dutse don nuna sun gaji. Tun kafin nan ma sun sa doka cewa babbar motar 'yan yawo sai ta nemi lokaci kafin ta zo kuma sai ta tsaya sama da awa biyu, kaga kenan ba zuwan ne matsalarsu ba, shigo-ka-fita ne. Abun dariya ma a China an gina kwafin ƙauyen sukutum a lardin Guangdong an buɗe a 2012, ni kam da masu son hoto kawai can suka nufa da kowa ya huta.

Abun da nake so masu karatu su gane shi ne, kyan da ya ja ka zuwa ƙauye yawanci aikin wani ne. Dutse da ruwa Allah ne Ya yi, amma gonar da ka ga ta yi shar a jere, da hanyar ƙafa da ba ciyawa, da rufin ɗakin da ya burge ka, duk akwai mai zufa a bayansu, kuma ranar da ya daina to kyan ya tafi. A Japan akwai Shirakawa-go, ƙauyen da ya shiga jerin UNESCO a 1995 saboda manyan gidajensa masu rufin ciyawa mai tsini sosai yadda dusar ƙanƙara ba za ta taru a kai ba, an ɗaure katakon rufin da igiya babu ƙusa. Rufin nan ba ya dawwama, bayan 'yan shekaru gommai sai an sauke an sake baibaya, kuma aikin gayya ne da kan tara mutum sama da ɗari a kan gida ɗaya. Tun 1971 mutanen wurin suka yi wa juna alkawari uku, ba za su sayar ba, ba za su ba da haya ba, ba za su rushe ba. Yanzu ka ɗauka baƙo ya zo ya kunna sigari a gindin irin wannan rufi ya yar da guntun, dalilin da ya sa suke da tsanani kenan kan wuta har gwajin bututan kashe gobara suke yi a garin duk shekara.

A Filifin kuma gonakin shinkafa na Ifugao da aka yanka a jikin tsauni hawa-hawa, sai da UNESCO ta sa su cikin wuraren da ke cikin haɗari a 2001, ɗaya daga manyan dalilan shi ne samari sun bar noma sun tafi birni, gefen gona ya zube ba mai gyarawa, sai a 2012 aka cire su daga jerin bayan an yi ta aikin farfaɗowa. Cinque Terre a Italiya ma haka, ƙauyuka biyar a bakin teku da katangun dutse da aka jera ba siminti su ke riƙe da gonakin inabi a gangare, da ruwan sama mai ƙarfi ya sauka a Oktoban 2011 laka ta binne titunan Vernazza da Monterosso, kuma gonakin da aka yi watsi da su suna cikin inda ƙasa ta fi zaftarewa. Ko Sukur da ke kan tsaunukan Mandara a jihar Adamawa, wanda ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya a 1999, hanyoyin da aka shimfiɗa da dutse da gonakin hawa-hawa da fadar Hidi, wato sarkin garin, ai hannu ne ya jera su ɗaya bayan ɗaya.

Na taɓa tsayawa ina kallon wani dattijo yana gyara irin wannan katanga inda ruwa ya ci. Zai ɗauko dutse ya jujjuya shi a hannu ya ɗora, ya ga yana rawa, ya sauke ya ajiye gefe ya nemo wani, idan ya zauna sai ya cusa ƙanana a ramukan da ke baya ya danna da diddige. Wajen da bai fi taku uku ba ya cinye masa safiya. Yana gamawa ba jimawa wasu samari suka haye kai su huɗu suna tsalle don a ɗauke su a sama. Bai ce musu komai ba wallahi, kallonsu kawai ya yi.

Shi ya sa ni shawarata, in za ka je ka kwana. Ko dare ɗaya ne. Ƙauye da rana tsaka ba kowa, mutane suna gona ko kiwo, da sassafe da kuma yamma lis ne ake ganin garin, sannan kuɗin kwana da na abinci su ne ke zama a hannun 'yan gari. Ka ɗauki ɗan jagora daga cikinsu ka biya shi yadda ya kamata ba ka tsaya kana ciniki kamar za ka sayi mota ba, da ɗan gari akan ci gari, shi ya san inda rafi yake da zurfi da dutsen da ke santsi bayan ruwa da wurin da ba a shiga sam saboda maƙabarta ce ko wurin ibada, abubuwan da Google Maps ba zai taɓa gaya maka ba. Ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton mutum, balle mata da yara, kuma in an ce a'a to a'a ne. Wancan ɗan jirgi mai kyamara da ake tuƙawa da rimot kuwa, kada ka tashe shi a kan garke, dabbobi firgita suke yi.

Ƙyauren gona ka bar shi yadda ka same shi, a buɗe ko a rufe, mai shi yana da dalili. Kuma takalmi da tayar mota suna ɗaukar cuta daga wannan garke zuwa wancan, a Birtaniya lokacin annobar cutar baki da kofato ta 2001 an kashe dabbobi sama da miliyan 6 an kuma rufe hanyoyin ƙafa na karkara, masu masaukin baƙi a ƙauyuka suka sha asara tare da makiyaya. Maganar takalmi ta tuna min, a Cinque Terre yanzu tara ake cin wanda ya hau hanyoyin tsauni da silifas, don sun gaji da zuwa ceto mutane.

Akwai kuma wani hali na 'yan birni da yake ba ni haushi. Sai mutum ya zo ya ga an sa kwano a rufi ko fanel ɗin sola ko dish, ya taɓe baki wai an ɓata ƙauyen, wai da ya fi kyau. Kai da ka baro fanka da famfo a gida kuma gobe za ka koma, kana so wata ta ci gaba da ɗebo ruwa daga nesa don hotonka ya yi ma'ana? In ana so a riƙe tsohon gini to sai an biya kuɗin riƙe shi, kuma sai mazauna wurin sun yarda da bakinsu. Haka raba wa yara alawa da 'yan canji, mai yi yana jin daɗi a ransa amma abun da yake koya musu shi ne tsayawa bakin hanya ya fi zuwa makaranta riba. In kana da niyyar taimako ka tambayi manyan gari ko malaman makarantar abun da ake buƙata.

Ba wai ina cewa a daina zuwa ba fa, ƙauyuka da yawa baƙi ne suka hana su mutuwa. Italiya tun 1985 take da dokar da ta ba manomi damar saukar baƙi a gonarsa muddin noman bai tsaya ba, kuma a can ne aka ƙirƙiro dabarar gyara tsofaffin gidajen da aka gudu aka bari a warwatse cikin gari su zama ɗakunan otel guda. Hukumar yawon buɗe ido ta Majalisar Ɗinkin Duniya ma tun 2021 take zaɓen ƙauyukan da suka iya wannan harka, waɗanda mutanensu ba su wuce 15,000 ba, a zagayen farko an zaɓi 44 har da Wonchi na Habasha da Nkotsi na Ruwanda, kuma ba kyan wuri kaɗai ake dubawa ba, ana duba ko kuɗin yana isa ga mazauna.

Roƙona gare ku Malam Edita, duk lokacin da za ku buga labarin wani ƙauye mai kyau, kada ya tsaya a hoton dutse da faɗuwar rana. Wakilinku ya zauna da mutanen wurin ya tambaye su ko suna son baƙi ma tukuna, wane lokaci ne aikin gona ya yi musu yawa, wa ake fara gaidawa in an shiga, ina ake kwana, ina ake zuba shara, sannan ya rubuto mana har da amsar da ba za ta yi wa masu yawo daɗi ba.

Na gode, Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Mai karanta ku a kullum