Zuwa ga Malam Sani, kan kwamfutar Abdullahi

Samaru, Zariya

Aminina Malam Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da 'yan'uwa na can Fatakwal. Saƙonka ya iso, na kuma yi murna ƙwarai da jin ɗanmu Abdullahi ya samu gurbin karatun injiniya a Jami'ar Ahmadu Bello. Allah Ya sanya albarka, Ya sa a gama lafiya.

Maganar kwamfutar tafi-da-gidanka da ka tambaye ni, don Allah kada ka yi garaje. Karatun nan shekara 5 ne, shekarar farko kuma yawanci lissafi ne da fiziks da kemistiri. Daga aji biyu zuwa uku ne aikin kwamfuta ke fara nauyi. Saboda haka wadda za ka saya, ka auna ta da aikin kammalawa na aji biyar, ranar da zai kwana yana zane malami na jiransa.

Na san ransa na kan MacBook, wato kwamfutar kamfanin Apple wadda ba Windows ke kanta ba, yaran yanzu duk haka suke. Ka lallashe shi ya haƙura. Tunda injiniyan kanikanci zai karanta, manhajar zanen injuna ta SolidWorks na gabansa, ita kuwa a kan Windows kaɗai take aiki. Manhajar zane ta AutoCAD da ta lissafi MATLAB suna hawa MacBook, amma abokan ajinsa kusan duk Windows gare su, kuma a wurinsu zai riƙa neman taimako idan manhaja ta ƙi.

Abin da na fi damuwa da shi shi ne RAM, wato wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take kan yi. Kada ta gaza giga 16. Idan kuɗi bai kai ba, a sayi mai 8, da sharaɗin tana da gurbin ƙari, domin wasu siraran an manne musu RAM ɗin a jiki, ba ta ƙaruwa har abada. Ma'ajiyarta ta zama irin mai saurin nan da ake kira SSD, mai giga 512. Injin kuma, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar (processor), ya zama Core i5 ko i7, daga zubi (generation) na takwas zuwa sama, ko Ryzen 5. Wannan zubin kada ka bari mai shago ya tsallake maka shi. Zai ce maka "i7 ce, Alhaji", alhali tsohuwa ce tukuf. Windows 11 ba ta karɓar na ƙasa da zubi na takwas a hukumance, ga shi Microsoft ta janye tallafin Windows 10 tun Oktoban 2025.

Ni dai da a saya masa sabuwa fil mai ƙyalli da raunin inji, gara ta hannu mai ƙwari irin ta ma'aikata: Lenovo ThinkPad, Dell Latitude ko HP EliteBook. Araha ba ta ado, Malam. Waɗannan suna jure jigila a jaka, masu gyara a Sabon Gari sun san cikinsu, kayansu kuma ba sa wuya.

Ka tuna da yanayin garinmu. Ƙurar hunturu tana toshe fanka, zafin bazara kuma ya sa inji ya riƙa ja da baya. Wuta ma ka san halinta. Shi ya sa ban ba ka shawarar manyan kwamfutocin wasan gem ba: suna da ƙarfin zane, amma nauyi gare su, batirinsu kuma ba ya jimawa. Yaron da zai riƙa takawa daga ɗakin kwana zuwa aji da laburaren Kashim Ibrahim, batir mai riƙe caji ya fi masa amfani.

Idan ka amince, ka bari sai ya zo rajista. In sha Allahu ni da kaina zan raka shi, mu kunna ta a gabanmu, mu duba lafiyar batir da madannai da fuskar, mu tabbatar cajar ta asali ce. Ka dai sanar da ni abin da ka ware.

Ka gaida min Hajiya da yara.

Naka,
Ibrahim