Gyara kan labarin tsohon Kyaftin Kirk, da matar da kuka manta da ita

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kuna lafiya ya aiki ya jama'a. Ni dai mai sauraronku ne na kullum, rubutu ma bai dame ni ba amma abin da na ji a shirinku na kimiyya ranar Lahadi ya sa na kasa haƙuri.

Mai gabatarwa ya ce William Shatner, wanda ya fito a matsayin Kyaftin Kirk a Star Trek, shirin talabijin na Amurka kan tafiya sararin samaniya, shi ne mutum mafi tsufa da ya taɓa zuwa sararin samaniya. To a da kam haka ne, ya tafi ranar 13 ga Oktoba 2021 a roket ɗin kamfanin Blue Origin yana da shekara 90, amma a watan Mayu 2024 wani dattijo Ed Dwight ya karɓe kambun, shi ma shekara 90 ne sai dai ya ɗara Shatner da 'yan makonni a lokacin da ya tashi. Wannan ƙaramin gyara ne, ba shi ya sa na ɗauko waya ba. Abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda aka yi ta dariya a situdiyo ana cewa ai fim ɗin yara ne na mutane masu dogon kunne, aka wuce zuwa labarin ƙwallo.

Gaskiya idan ka kalle shi yau dole ka yi murmushi, duwatsun duniyoyin nan kana gani ka san na kwali ne, dodannin kuma mutum ne kawai ya sa riga yana tangaɗi. Ni kaina a wajen masu turi na fara samunsa, yaron shagon ya haɗa min da shi cikin wasu finafinai ba tare da na tambaya ba, na bar shi a memori kusan wata biyu ban buɗe ba. Amma a duba lokacin da aka yi shi mana. An fara haska shi a tashar NBC ranar 8 ga Satumba 1966, Amurka na tsakiyar rigimar 'yancin baƙar fata, ga yaƙin cacar baka da Tarayyar Sobiyet, sai ga Gene Roddenberry, wanda ya ƙirƙiro shirin, ya zuba mutane a jirgin sararin samaniya ɗaya, ga George Takei ɗan asalin Japan yana tuƙi, mutumin da gwamnatin ƙasarsa Amurka ta tsare shi da iyayensa a sansani a Arkansas yana ƙaramin yaro lokacin yaƙin duniya na biyu, daga baya aka ƙaro Walter Koenig a matsayin Barashe, sannan ga baƙar mace zaune a kujerar jami'ar sadarwa da muƙamin laftana ba shara take yi ba ba raino ba.

Wannan matar ita nake so ku yi shiri a kanta, Nichelle Nichols. Sunan da aka ba ta a shirin, Uhura, daga kalmar uhuru ta Swahili aka samo shi wato 'yanci. Ita da bakinta ta sha ba da labarin cewa bayan zangon farko ta gaji, layukan da ake ba ta ba su taka kara sun karya ba, ta miƙa takardar ajiye aiki don ta koma wasan dandamali da waƙa, sai a wajen wani taro aka ce mata ga wani masoyinki yana son gaisawa, tana juyawa ta ga Martin Luther King ne, jagoran gwagwarmayar 'yancin baƙar fata. Ya ce mata ba ta isa ta tafi ba, don wannan ne shirin da shi da matarsa ke barin 'ya'yansu su yi dare suna kallo. Ta koma ta karɓi takardarta. A 1977 kuma NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta ɗauke ta ta zagaya ƙasar tana kiran mata da baƙaƙe su nemi aikin 'yan sama jannati, rukunin da aka ɗauka a 1978 a cikinsu akwai Sally Ride da Guion Bluford, mace ta farko da baƙar fata na farko daga Amurka da suka je sararin samaniya, dukansu sun tashi a 1983, sannan Mae Jemison, baƙar mace ta farko da ta je can a 1992, ta faɗa ba sau ɗaya ba cewa Uhura ta gani tana yarinya ta sa abin a ranta. Shirin da zango uku kawai ya yi, kashi 79, aka soke shi a 1969 saboda wai ba a kallo!

Ranar da na nuna wa 'yata ta fari, tana aji biyu a sakandare lokacin, muna zaune a tabarma an ɗauke wuta na jingina wayar da kofin shayi, ba ta ma jin rabin Turancin amma idonta na kan matar nan da wani ɗan ƙarfe maƙale a kunne tana danne-danne, sai ta ce Baba ita ce ke faɗa musu abin da za su yi? Na ce kusan haka. Da na nemo mata hoton Nichols na ƙarshen rayuwarta, gashi fari fat tana kan keken marasa lafiya, yarinyar nan shiru ta yi ta ce ba ita ba ce.

Ita ce kuwa. Ta rasu ranar 30 ga Yuli 2022 tana da shekara 89, bayan ciwon mantuwa ya kama ta har maganar wanda zai kula da ita da dukiyarta ta kai kotu, abin babu daɗin ji wallahi. Cikin manyan 'yan wasan nan bakwai huɗu sun riga mu gidan gaskiya, DeForest Kelley likitan jirgi a 1999, James Doohan injiniya a 2005, Leonard Nimoy wato Spock mai dogon kunnen da kuke wa dariya a 2015 da ciwon huhu, shi da kansa ya ce sigarin da ya sha ne duk da ya daina kusan shekara 30 kafin nan, sai ita. Saura Shatner da aka haifa a 1931, Koenig 1936, Takei 1937. Kuma kar a ɗauka tsufa ya sa sun zama waliyyai, Shatner da Takei sun kwashe shekaru suna jifan juna da magana a jaridu kamar kishiyoyi, ni har kunya abin yake ba ni, mutum da furfura.

Amma ku nemi bidiyon saukar Shatner a hamadar Texas ku kalla da kyau. Tafiyar duka duka minti goma ce da 'yan kai, ya fito daga kumbon jikinsa na rawa yana ƙoƙarin gaya wa Jeff Bezos, mai kamfanin Blue Origin, abin da ya gani, shi kuwa mai kuɗin ya juya ya karɓi kwalba ya girgiza yana fesa wa jama'a ana ta ihu, tsohon ya ɗan matsa gefe yana sosa kai yana jira a gama. Da ya samu ya yi maganar sai ga hawaye, ya ce shuɗin nan da ke lulluɓe da duniya ɗan siriri ne, kana wuce shi sai baƙi ƙirin, can sama mutuwa ya gani nan ƙasa rayuwa. Mutumin da ya shafe rabin ƙarni ana kiransa kyaftin ɗin taurari ke nan, ya je ya dawo yana cewa baƙin ciki ne ya kama shi.

Don Allah ku ware ko minti goma sha biyar ne ku yi shirin nan yadda ya kamata tun ukun nan suna numfashi, kuma idan za ku yi gyaran, ku faɗa wa masu sauraro waye Ed Dwight ɗin. Matuƙin jirgin yaƙi ne baƙar fata da aka sa a horon share fagen 'yan sama jannati zamanin Shugaba Kennedy, NASA ba ta ɗauke shi ba, ya bar soja a 1966, shekarar da Uhura ta fara fitowa a talabijin, ya koma sassaƙa mutum-mutumi, sai da ya jira shekara sittin da wani abu kafin ya samu nasa minti goman.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Naku mai sauraro, daga Zariya