Kayan masai ai tuni suna zuwa gonakinmu, hanyar ce ke bukatar gyara

Malam Edita, assalamu alaikum. Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan abin da mutane ke toshe hanci in an ambata, alhali kowa na ci daga cikinsa.

Ni manomi ne a gefen Ungogo, gonar gado ce, kuma tun ina yaro na san taki a mangala yake zuwa. Da rani kakana sai ya ɗora wa jaki itace ya shiga birni ya sayar, in zai dawo ya ciko mangala da shara da toka da kashin tumaki daga gidajen cikin gari, ya zo ya jibge tsibi-tsibi a gona, in damina ta matso mu yara a sa mu bazawa. Da haka ne fa gonakin kewayen Kano suka yi shekara da shekaru ana nomansu ba hutu kuma ba su mutu ba. Yanzu ka sayi tifa ɗaya ta shara wallahi rabi leda ce, ga batir ga fasasshiyar kwalba, bara har allurar asibiti na tsinta da hannuna ina cikin tsince ledar fiya wata.

To ga takin zamani kuma, tun da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a 2022 kuɗinsa ya tashi, aka zo aka cire tallafin mai a 2023 abin ya ƙara hawa, talaka da mudu yake sayen yuriya yanzu yana ɗiga wa masara kamar magani. Shi ya sa da yawanmu muka koma tsayar da motar da ke zuƙe masai, a ba direba ɗan wani abu ya juye a gona da rani. Haka 'yan gidan kowa da akwai masu yashewa da hannu, su ma akwai masu jiran kayansu. Ban ɓoye ba, ni ma na taɓa yi, kuma dawar da na samu a wajen da aka juye ta fi ta ko'ina a gonar, zangarniya manya-manya. Amma sati biyu ƙuda bai bar mu mun zauna a bukka ba, kuma ƙaramin ɗana da ke yawo ba takalmi a wajen sai da muka yi ta fama da cikinsa. Tun daga nan na daina zuba ɗanye, don ƙwan tsutsar ciki yana daɗewa a ƙasa wata da watanni, balle a ce kusa da rijiya ne ko a lambun latas da ake ci ba a dafa ba, ga amai da gudawa da ke ɗibar mana mutane duk damina.

Abin da ke damuna shi ne maƙwabtanmu sun riga sun samo hanya. A jihar Maradi ta Nijar, mata manoman gero na ƙungiyar Fuma Gaskiya tare da masu bincike na INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasar, sun yi ta tara fitsari a jarka, a rufe ruf a ajiye kamar wata biyu zuwa uku har ƙwayoyin cuta su mutu, sannan a zuba a gindin gero. Sun ma sauya masa suna suna ce masa Oga don kar sunan ya hana mutane karɓa, kuma amfanin ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100. Ba inji ba lantarki, jarka ce kawai da haƙuri, kuma waɗannan Hausawa ne irinmu, ƙasarsu ma ta fi tamu rairayi. A Gana kuma a 2017 an buɗe masana'anta kusa da birnin Tema da ke busar da kayan masai a haɗa da sharar abinci a bar shi ya ruɓe ya yi zafi, ya fito taki a buhu mai suna Fortifer.

Na san za a ce ai najasa ce. Gaskiya ne najasa ce, ba mai musu, in ta taɓa ka sai ka wanke. Amma a karatun zaure malaminmu ya biya mana a littafin fiƙihu na Muhtasar cewa shukar da ta tsiro da najasa tana cikin abubuwa masu tsarki. Maganar saye da sayar da ita kuwa wannan na bar wa malamai, kuma ina roƙonsu su fito su yi bayani a fili a rediyo, don kunyar tambaya ce ke sa mutane na yin abin a ɓoye cikin dare.

Roƙona ga ƙananan hukumomin da ke kewaye da birni, Ungogo da Kumbotso da Gezawa da Dawakin Kudu, a ware fili nesa da gidaje da rijiyoyi, a yi masa daɓen siminti inda motocin nan za su riƙa juyewa ya bushe, a cakuɗa da buntun shinkafa da ruɓaɓɓen kayan gwari irin wanda ake zubarwa kullum a kasuwar 'Yan Kaba, a riƙa juya shi na wasu watanni. A ba masu aikin safar hannu da takalmin roba, don su ma 'ya'yan wasu ne. Malaman gona su zo su auna su ce ya nuna kafin a fitar. In an yi haka ni ne farkon wanda zai zo da kurarsa ya yi layi, kuma ba kyauta nake nema ba, zan biya.

Naku,
Wani manomi daga Ungogo, jihar Kano