Kafin wani malami ya sake sayar da babur ɗinsa don zuwa Koriya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kai da ma'aikatanka kuna lafiya, ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu, ko da za ka rage mini tsawo, in yi magana da 'yan'uwana malaman Ingilishi, musamman matasan da ke koyarwa a makarantun kuɗi a nan Jos.

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, wani tsohon ɗalibina ya tare ni a bakin titin Bauchi. Yaron da na koyar a aji uku na ƙaramar sakandare, yanzu ya gama Jami'ar Jos, ya yi hidimar ƙasa, yana koyarwa a wata makaranta a Rikkos a kan naira 40,000 a wata. Ya ciro waya ya nuna mini wata sanarwa da ke yawo a zauren WhatsApp na malamai: ana neman masu koyar da Ingilishi a Koriya ta Kudu, gida kyauta, tikitin jirgi kyauta, kuɗin rajista kaɗai za a biya. Ya ce, "Malam, Yaya ya yarda zai sayar da Keke Napep ɗinsa ya biya mini, ka sa mini albarka." Na ce masa kada a taɓa keken nan, ya zo gida ranar Asabar akwai takardun da zan nuna masa.

Takardun nawa ne. A 2018 ni ma irin wannan sanarwa ta kama ni. Lokacin shekarata 9 ina koyarwa, ina da digiri a Ingilishi, ina da rajista da hukumar malamai ta TRCN, albashina naira 28,000, shi ma sai wata ya yi nisa ake gani. Wani abokin aiki ya haɗa ni da wani ofis a saman bene a Wuse, can Abuja. Ofis mai sanyi, da taswirar duniya a bango, da kujerun da in ka zauna ba ka son tashi. Na sayar da babur ɗina. Mai ɗakina ta cire 'yan kunnenta na gwal, na lefenta, ta ajiye mini a kan sallaya ban roƙa ba. Na haɗa naira 480,000 na biya kashi uku. Sau biyar ina sauka da hawa Hawan Kibo a kan maganar nan. Suka yi mana wani kwas na Asabar da Lahadi, suka ba kowa satifiket mai zanen zinare wai ya yi horon awa 120. Kwana biyu fa, Edita. Ko ba a runtsa ba awa 48 ke nan. Ni malamin makaranta ne, amma kwaɗayi ya hana ni yin wannan ɗan lissafi. Bayan wata guda aka ba ni wasiƙar ɗaukar aiki daga wata makaranta wai a birnin Busan na Koriya ta Kudu. Bayan wata biyu waya ta daina shiga. Da na koma benen, wani tela na tarar a ɗakin yana ɗinka labule.

Kuɗin sun yi mini ciwo, amma ranar da na fi jin kunya ita ce ranar da wani tsohon malaminmu na jami'a ya zaunar da ni ya ce, "Kai, ka ko karanta ƙa'idar bizar?" Ban karanta ba. Bizar da Koriya ta Kudu ke ba masu koyar da Ingilishi, wadda ake kira E-2, ta masu fasfon ƙasashe bakwai ce: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ailan, Ostareliya, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu. Indiya ta samu wata 'yar ƙofa saboda yarjejeniyar ciniki da ta ƙulla da Koriya. Najeriya ba ta ciki. Wato ko da ejan nan tsoron Allah ya kama shi bai gudu ba, ko da makarantar Busan ta gaske ce, koren fasfona ba zai wuce ba. Wannan bayani a buɗe yake a intanet, da kuɗin data na naira 200 da na gani. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.

Kada a ɗauka na yarda da ƙa'idar. Ban yarda ba. Tun daga firamare da Ingilishi aka koyar da mu, ba ka shiga jami'a sai da kiredit a cikinsa, da shi kotu ke shari'a, da shi majalisa ke zama. Amma matashin da ya karanta kiwon kaji a Amurka ya fi ni daraja a wannan kasuwa, ni da na ƙare ƙuruciyata a kan nahawu. Mu kuwa sai an ce mu kawo sakamakon jarrabawar Ingilishi ta IELTS, wanda kuma bayan shekara biyu ya tashi aiki, sai ka ce Ingilishin mutum tumatirin Farin Gada ne da ke ruɓewa. Sai dai jin haushi ba ya buga biza. Ƙa'idar ƙasar mutane ce, kuma ita ce abu na farko da ya kamata mutum ya tambaya kafin ya zaro ko sisi: shin wannan ƙasa tana ba mai fasfon Najeriya izinin wannan aiki?

Game da satifiket, wanda makarantun kirki ke mutuntawa shi ne irin CELTA na Kambirij ko CertTESOL na kwalejin Trinity ta Landan. CELTA horo ne na awa 120 na gaske, sati huɗu cur in mutum ya zauna masa, kuma dole ka koyar da ɗalibai masu rai na aƙalla awa 6 ana zaune ana duba ka ana ba ka maki. Ba sa cewa sai ɗan Ingila, amma kuɗinsa ba na wasa ba ne. Duk satifiket ɗin da aka ba ka ba tare da wani ya taɓa ganin ka tsaye a gaban aji ba, ka san takarda ka saya. Sauran takardun kuma hanyarsu sananniya ce, ba ta bukatar dillali: digirinka ya bi ta Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja a tantance shi, ya wuce Ma'aikatar Harkokin Waje a buga masa hatimi, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za ka. Ka haɗa da takardar shaidar ɗa'a daga 'yan sanda. Fasfo mai shafi 32 kansa ya koma naira 100,000 tun Satumbar 2025. Masu cewa za su koyar da yaran Sin ta waya daga ɗakinsu su sani tun Yulin 2021 gwamnatin can ta hana kamfanonin darasi ɗaukar malaman da ke zaune a waje, wannan kasuwa ta watse. Masu hangen Ingila kuma, gaskiya ne a Fabrairun 2023 an buɗe wa malaman Najeriya hanyar neman lasisin koyarwa, amma masu lissafi da kimiyya da harsunan waje aka nema. Bature ba ya neman wanda zai koya masa harshen uwarsa.

To, ni dai na fita waje na koyar, sai dai ba inda na yi mafarki ba. Akwai wani Alhaji ɗan Maradi da ke zuwa Jos sayen dankalin Turawa, muna haɗuwa a shagon ƙanina. Wata rana ya ji ina yi wa wani yaro gyaran wasiƙa, ya ce ƙaninsa yana da wurin darasin yamma a Maradi, sun rasa malamin Ingilishi. Na yi dariya a raina. Ni da na yi niyyar Busan? Amma ba babur, ga bashi, ga iyali. Farkon 2021 na shirya jakata, na bi ta Kano da Katsina da Jibiya. Daga Katsina zuwa Maradi bai kai nisan Jos zuwa Bauchi ba.

A can na gane cewa shekarun da na yi ina shirya yara don jarrabawar WAEC ba su koya mini wannan sana'a ba. Da farko ma in ka ce Turanci sai a tambaye ka wanne, na Faransa ko na Ingilishi. Daren farko na cika allo da ƙa'idojin nahawu, na juyo na ga manyan mutane goma sha biyu suna kallona kamar ina kiran sallah a kasuwa. Wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce, "Mushe, mu ba jarrabawa za mu yi ba, waya muke so mu ɗauka." Mushe suke ce wa malamin lakwal, wato makarantar boko. 'Yan kasuwa ne masu oda daga Dubai da Guwanzu da Legas, da ma'aikatan asibiti, da samarin da ke son shiga jami'o'in Najeriya. Ɗaya daga cikinsu ya taɓa yin ciniki ta waya ya ji 15 alhali 50 aka ce masa, don a Ingilishi ƙarshen kalmar kaɗai ya raba su, sai da kaya suka iso ya ga lissafi. Sati biyu muka yi a kan lambobi kawai. Ga shi su a kasuwa da dala suke ƙirga kuɗi, dala ɗaya sefa biyar, jika ɗaya sefa dubu, don haka kowace lamba sai ta bi ta ƙofa uku kafin ta fito bakin mutum. Na ajiye littafi, na riƙa kawo rasit da takardar kwantena da tsohuwar waya, mutum biyu su juya wa juna baya su yi ciniki.

Abin da na fi so a ji shi ne wannan. Abin da ya hana ni shiga Koriya, wato ba a haife ni da Ingilishi a baki ba, shi ne jarina a Maradi. Na san inda Bahaushe ke tuntuɓe domin ni ma a nan na yi tuntuɓe. Na san harafin p zai koma f, na san za a cusa wasali tsakanin baƙaƙe biyu, na san wanda ya yi lakwal zai haɗiye h irin na Faransanci. In abu ya cije sai in warware shi da Hausa cikin minti ɗaya mu wuce. Wani baƙo daga Landan ba zai iya wannan ba ko an ninka masa albashi. Abin da nake samu, in an canza, ya ninka na Jos sau uku, kuma sefa a ɗaure take da yuro, ba ta narkewa a aljihu kamar naira. Cikin shekara guda na biya bashi, na mayar wa mai ɗakina 'yan kunne, ko da yake har yau tana cewa na farkon sun fi nauyi.

Ba zan ɓoye wahalar ba. Mutumin Jos da ya saba da rigar sanyi, watan Afrilu a Maradi azaba ce, a tsakar gida nake kwana da jiƙaƙƙen zane. Ba mu rubuta yarjejeniya ba, amana ce kawai, kuma wannan kuskure ne da ba zan ba kowa shawarar ya maimaita ba. Hanyar Jibiya ba a bin ta da yamma. Da aka yi juyin mulki ranar 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyaka, harkar 'yan kasuwa ta tsaya, ajina ya koma mutum huɗu, na tattaro na dawo gida. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, don haka mai niyyar zuwa yanzu ya fara bincika maganar takardar zama. Amma a Maris na 2025 sabon kundin da gwamnatin can ta fitar ya ayyana Hausa harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci harsunan aiki. Malamin da ke da Hausa da Ingilishi a baki ɗaya, wa ya fi shi dacewa da wannan? Haka Aljeriya ta shigar da Ingilishi firamare a 2022, a shekarar kuma Togo da Gabon suka shiga ƙungiyar Kwamanwel, Ruwanda kuwa tun 2008 ta juya makarantunta daga Faransanci zuwa Ingilishi. Muna ta hangen Asiya, maƙwabta na neman abin da ke hannunmu.

Akwai ma hanyar gwamnati da matasanmu da yawa ba su taɓa jin sunanta ba. Tun 1987, zamanin Janar Ibrahim Babangida, aka kafa shirin TAC a ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Waje, ana tura malamai da likitoci da sauran ƙwararru ƙasashen Afirka da Karibiyan na shekara biyu, irin su Gambiya da Yuganda da Saliyo, gwamnatin Najeriya na biyan su alawus. Na tambayi malamai takwas a ɗakin malamai na makarantarmu, mutum ɗaya ne ya san da shi, shi ma ya ɗauka an daɗe da rufewa.

Roƙona gare ka, Edita, ka tura wakilinku na Abuja Ma'aikatar Ƙwadago ya karɓo sunayen kamfanonin da ke da lasisin kai mutane aiki waje, ku buga da Hausa. In shirin TAC ya buɗe ɗaukar mutane ku sanar da mu a shafin farko, yadda kuke sanar da kuɗin kujerar Hajji. Ku kuma ji ta bakin hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane, domin ni kuɗi kaɗai na rasa, akwai 'yan Afirka da aka yaudara da alkawarin aiki suka ƙare a tsare a gidajen damfarar intanet a Myanmar da Kambodiya, fasfonsu a hannun wasu.

Ɗalibin nawa ya zo ranar Asabar kamar yadda muka yi. Ya karanta takardun ɗaya bayan ɗaya bai ce komai ba, sai da ya kai kan wasiƙar Busan ya ɗago ya ce, "Malam, ai tambarin nan iri ɗaya ne da na tawa." Ashe shi ma an riga an ba shi irin wannan wasiƙa. Idan wakilinku na Jos yana son gani, rasit uku da wasiƙar da satifiket mai zanen zinare suna nan a cikin akwatina, yanzu ga ta yaron ta zama ta biyu. Bayan la'asar ina gida.

Naku,
Wani malamin Ingilishi,
Anguwan Rogo, Jos.